Jan wuta ta ƙarƙashin ƙasa zuwa ɗakin ƙarshen filin gida: wace waya, wane zurfi?

"Assalamu alaikum Injiniya. Na gina ɗakin kwano a ƙarshen filin gidana a Kano, tsakaninsa da babban gida kamar mita 35. Ina so in sa firiza guda, fanka, ƙwai huɗu da soket na guga, kuma a nan ne zan haɗa injin tura ruwa mai ƙarfin doki ɗaya. Ba na son waya tana reto a sama saboda yara. Wani ya ce in sayi wayar cikin gida 2.5mm, in zura a bututun roba, in binne kamar ƙafa ɗaya, shi ke nan. Hakan ya yi? In bai yi ba, yaya ake yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake tambaya shi ne ko wayar cikin gida, a bututun roba, a zurfin ƙafa ɗaya, za ta ɗauki wannan kaya a wannan nisa lafiya. Ba za ta ɗauka ba. Ranar da aka haɗa za ta kawo wuta, ƙwai su kama, kowa ya ce aiki ya yi kyau. Sai a damina ta biyu ko ta uku matsalar ke fitowa, bayan an riga an yi daɓe ko an shimfiɗa intalok a kai, kuma babu mai tuna ta inda wayar ta bi. Shawarar binnewa da ka yanke daidai ce, musamman a gidan da ke da yara. Ban da zurfin ramin, abubuwa uku za a gyara: irin wayar, kaurinta, da na'urar da za ta yanke wuta idan an samu matsala. Haƙa ramin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Me ya sa wayar cikin gida ba ta zama a ƙasa

Duk bututun da aka binne sai ruwa ya shige shi, ko da an shafe mahaɗarsa da gam. In bai shiga ta mahaɗa ba, raɓa za ta taru a ciki saboda zafin rana da sanyin dare. Mun sha tono bututun da aka rantse a rufe yake, a ɗaga shi ruwa mai laka ya zubo. Wayar cikin gida rufin roba ɗaya gare ta, an yi ta ne don busasshen bango. Wajen zura ta a bututu mai tsawon mita 40 da wuya ba ta kurje a wata kwana ba, kuma wannan ɗan kurjin ya ishi wuta ta riƙa zurarewa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Bututun wayarin na roba kuma siriri ne. A zurfin ƙafa ɗaya, bakin diga ko fartanyar mai shuka zogale zai fasa shi a sara ɗaya. Gafiya da ɓera suna cin roba, gara ma tana cin ta. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da ke riƙe da digar. Idan ƙarfe ya sari wayar da ba ta da kariya, ba abin da zai sa bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, ta faɗi nan take, sai wutar ta bi jikinsa zuwa ƙasa.

Wayar da aka yi domin wannan aiki ita ce mai sulke, wadda a kasuwa ake kira amod. In ka yanka ta za ka ga hawa-hawa: jan ƙarfe a ciki da rufinsa, sai rigar roba, sai siraran wayoyin ƙarfe da aka naɗe kewaye, sai baƙar riga mai kauri a waje. Sulken nan aiki biyu yake yi. Yana tare sara da haƙoran ɓera, sannan da yake ana haɗa shi da wayar ƙasa, wato at, duk ƙarfen da ya huda kebul ɗin sai ya fara taɓa sulke kafin ya kai ga mai wuta. Wutar sai ta bi sulken ta koma, na'urar kariya ta yanke. Wannan aiki na biyu shi ne ainihin abin da kake saye da kuɗinka, kuma ba ya yiwuwa sai an haɗa sulken da at yadda ya kamata.

Ka sayi mai ƙwaya uku, wato wayoyi uku a ciki: layif mai kawo wuta, nutural mai mayar da ita, da at. Ana iya amfani da mai ƙwaya biyu a bar sulke ya zama at, amma a ƙasarmu da tsatsa ke cin mahaɗa, na fi son a samu ƙwayar jan ƙarfe ta musamman, sulken ya zama ƙari.

Kaurin waya: nisa ne ke yanke hukunci

Mu fara da kayanka. Ƙwai huɗu na LED, kowane wat 10, sun zama 40. Fanka kamar 75. Firiza kamar 200. Dutsen guga 1,200. Injin doki ɗaya yana fitar da kusan wat 750, amma abin da yake ja daga waya ya kai 1,000. Jimla kusan wat 2,500, wanda a bolt 230 ya kama amfiya 11. Sai dai irin wannan ɗaki ba ya tsayawa yadda aka fara shi. Bana firiza ɗaya, baɗi biyu, sai kuma uwargida ta kawo hita ko keken ɗinki. Don haka a yi lissafi a kan amfiya 20.

Nisan ma ba 35 ba ne. Wayar za ta sauko daga allon rarraba wuta, wato dibi, ta bi gefen katanga, ta kauce wa ramin masai, ta hau bangon ɗakin. Ka ɗauki igiya ka bi hanyar da za a haƙa, ka auna, ka ƙara mita uku zuwa huɗu na hawa da sauka. Zan ɗauka mita 40 ne.

Mutane da yawa suna duba abu ɗaya kawai, wato ko wayar za ta yi zafi. Ta wannan fuskar 2.5mm mai sulke tana ɗaukar amfiya 29 a ƙasa, 4mm 37, 6mm kuma 46. Waɗannan alkaluma daga ƙa'idar wayarin ta Ingila suke, BS 7671, wadda masu aikin lantarki a Najeriya ke dogara da ita, kuma an lissafa su a ƙasa mai zafin digiri 20. Ƙasar Kano a watan Afrilu ta wuce haka nesa. A digiri 35 ana ninka adadin da 0.84, sai 6mm ta dawo kusan 38, 4mm ta dawo 31. Duk da haka sun wuce 20, saboda haka zafi ba shi ne damuwarka ba.

Damuwarka raguwar ƙarfin wuta ce a hanya. Kamar ruwan famfo ne a siririn tiyo mai tsawo: a bakin famfo da ƙarfi, a ƙarshe sai ɗigo. Kowace waya tana da adadin da take zubarwa a kowace amfiya a kowace mita. Ta 2.5mm tana zubar da milibolt 18 (milibolt 1,000 ne bolt guda), ta 4mm 11, ta 6mm 7.3, ta 10mm kuma 4.4. Ka ninka wannan da amfiya, ka ninka da tsawo, ka raba da 1,000. A amfiya 20 da mita 40, waya 2.5mm za ta cinye bolt 14.4, ta 4mm 8.8, ta 6mm 5.8. Ƙa'ida ta ce kada raguwar ta wuce kashi 3 cikin 100 ga fitilu, wato bolt 6.9, ko kashi 5 ga sauran kaya, wato 11.5. Ka ga 2.5mm ta faɗi gaba ɗaya, 4mm ta tsallake ɗaya ta faɗi ɗaya, 6mm ce ta haye duka.

Akwai abin da littafin bai hango ba, wanda mu muke rayuwa da shi kullum. Shi lissafin ya ɗauka bolt 230 ne ke isowa gidanka. A unguwanni da yawa, da magariba in kowa ya kunna kayansa, 190 ko ƙasa da haka mita ke nunawa. Injin ruwa da kwamfuresar firiza kuwa, a daƙiƙar tashi suna jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da suka saba. Injin da ke cin amfiya 5 zai iya fizgar 30 kafin ya daidaita. A waya 2.5mm wannan fizgar ta cinye bolt 21 da ɗoriya, injin ya tarar da ƙasa da 170. Sai ka ji yana gurnani bai juya ba, firiza tana ƙas-ƙas tana tashi tana mutuwa, har nannaɗin cikinta ya ƙone. A 6mm asarar ba ta kai bolt 9 ba. Kwamfuresa guda da ta ƙone, haɗe da naman da ya lalace a ciki, ta kusa biyan bambancin kuɗin wayoyin biyu.

Hukuncina a nan: 6mm mai sulke, ƙwaya uku, jan ƙarfe. Idan aljihu ya matse ƙwarai, kuma ka tabbata ba za ka wuce kayan da ka lissafa ba, 4mm da bireka mai amfiya 16 za ta yi. Ƙasa da haka kada ka sauka. Idan kuma akwai tunanin injin walda ko injin markaɗe wata rana, ka faɗa tun yanzu, domin wannan lissafi ne daban, daga 10mm ake fara maganarsa.

A kasuwa

Nan ne ake cutar mutane. Akwai wayar da aka rubuta 6mm a jikinta amma cikinta bai kai ba, akwai kuma wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Ka sa a yanko maka ɗan guntu, ka fere. Ta 6mm silla bakwai ce, kowace kaurinta milimita 1.04; ta 4mm silla bakwai masu 0.85. Mai wayarin da ke da ma'aunin kauri zai gane a minti ɗaya. Ka kankare silla ɗaya da wuƙa. In fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ce, ka ajiye musu. Ko ka kara mata wutar laita: jan ƙarfe na gaske zai yi baƙi ya tsaya a miƙe, na jabu zai lanƙwashe ya zube. A kauri ɗaya, sauƙin wucewar wuta a alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 ne na na jan ƙarfe, ka ga duk lissafin da muka yi ya rushe.

Kamfanonin gida irin su Coleman, Cutix da Nigerchin suna yin waya bisa ma'aunin hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, amma 'yan jabu sunan masu kyau suke bugawa a kayansu. Saboda haka ka saya a wurin dilan da aka sani, ka karɓi rasit, kuma duk da haka ka fere ka duba. Ka saye ta tsawo ɗaya ba yanki. Mahaɗa a ƙarƙashin ƙasa ita ce wurin da ruwa ke fara shiga, kuma salatif ba ya hana shi. In dole ta sa, akwai kwalin haɗi na musamman da ake cika shi da ruwan gam mai daskarewa, shi kaɗai ake binnewa.

Tare da kebul za ka buƙaci gilan biyu, wato maɗaurin tagulla da ke kama sulke a bakin akwati, lamba 20 irin na waje mai robar hana ruwa, kowane da zobensa na at da hularsa. Sai akwatin ƙarfe ko na roba mai lambar IP65, wato wanda ƙura da feshin ruwa ba sa shiga, in haɗin a waje zai kasance, ƙaramar dibi mai gida huɗu ta ɗakin, sandar at, ledar gargaɗi mai launin rawaya, da guntun bututun ƙarfe biyu na kare wayar inda ta fito daga ƙasa.

Ramin

Kafin a sa diga, ka nemo ta inda bututun ruwa ya bi, da na masai, da duk wata tsohuwar waya. Ka nisanci ramin masai da rijiya, ka ba gindin darbejiya da mangwaro tazara, domin saiwa tana tura kebul tana matse shi a hankali. Kada a haƙa a jikin harsashin katanga, a bar kamar mita ɗaya, don kada ruwan damina ya bi ramin ya zaizaye gindinta. Inda dole a gitta bututun ruwa, a bar santimita 30 tsakani, wayar ta bi ta ƙasa, yadda mai gyaran famfo zai tarar da bututunsa kafin ya kai gare ta. Hanya miƙaƙƙiya da ta bi layin katanga ta fi wadda ta ratsa tsakar fili a karkace, ko da ta fi tsawo kaɗan, domin tsakar fili ne ake ginawa gobe.

Zurfin ramin santimita 70, faɗi 30. Inda mota ke wucewa a kai shi 85 zuwa 90, a zura kebul ɗin a bututu mai kauri, faɗin inci biyu ko fiye, a bar igiya a ciki saboda gaba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ƙasa da sauran laushi kuma ruwa ba zai cika ramin ba. A watan Maris marmara sai ta gajiyar da leburori, su fara rage zurfi in ba ka tsaye. Ka yanki sanda mai santimita 70, ka bi ramin da ita daga farko har ƙarshe.

A tsince duwatsu da fasassun kwalabe daga gindin ramin, a zuba yashi mai laushi santimita 10. A kan yashin ake kwantar da kebul. A warware shi ta hanyar mirgina naɗin, kada a ja shi daga gefe yana murɗewa, kuma kada a ja shi a kan bakin bulo. A bar shi ya ɗan yi lanƙwasa kamar tafiyar ruwa maimakon a ɗame shi, saboda ƙasa tana motsi tsakanin rani da damina, balle inda take da yumɓu. A kwana, a yi lanƙwasa mai faɗi, kada ta matse fiye da santimita 15 daga tsakiyar kwanar. Sai a sake zuba yashi santimita 10 a kai. Rami mai tsawon mita 40 zai ci yashi kusan kubik mita biyu da rabi, kamar baro arba'in.

A kan yashi a jera falankin siminti mai kaurin santimita 5 ko jan bulo, ɗaya na taɓa ɗaya. Bulo mai rami ba ya wannan aiki, ruɓewa yake a ƙasa. Daga nan a mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana dannawa, har ya rage santimita 20 a kai sama, a shimfiɗa ledar gargaɗi tsawon ramin, a ƙarasa cikawa. Duk wanda ya zo haƙa bayan shekara goma zai fara cin karo da leda, sannan siminti, kafin ya kai ga waya. Kafin a rufe, ka ɗauki hotuna da wayarka, ka auna nisan ramin daga katanga a wuri uku ko huɗu, ka zana a takarda ka ajiye tare da takardun gida.

Abu ɗaya da ake yawan tsallakewa: a gwada kebul ɗin bayan an kwantar da shi, kafin a zuba ƙasa. In an ji masa rauni wajen ja, gara a gani rami na buɗe. Kuma in zai kwana ba a haɗa ba, a toshe bakinsa biyu da kyau, domin danshi yana bin tsakanin sulke ya yi nisa.

Haɗi da kariya

Daga nan aikin ya bar hannun lebura da mai gida. Haƙa, yashi da jera siminti za ka iya tsayawa a kai da kanka. Buɗe dibi da haɗa waya kuwa na mai wayarin ne da ya san aikinsa, wanda ke da shaidar hukumar NEMSA, ita ce doka ta ɗora wa duba ingancin aikin lantarki a Najeriya tun 2015. Abin da zan faɗa a nan don ka san abin da za ka nema a wurinsa ne.

Wutar za ta fito daga dibin gida, bayan mita, a kan birekarta ita kaɗai mai amfiya 20. Kada a ɗauko ta daga bayan soket ɗin kicin, kada kuma wani ya ba ka shawarar ɗaukowa kafin mita, wannan satar wuta ce kuma kamfanin wuta na KEDCO na cin tara mai nauyi a kai. Idan kana da janareta ko inbata, ka yanke shawara tun yanzu ko ɗakin zai ci daga cikinsu. In zai ci, a ɗauko bayan cenji-oba, wato makunnin sauyawa tsakanin wutar kamfani da janareta, amma ka tuna ƙaramin janareta mai 2.5kVA ba zai ɗauki guga da injin ruwa tare da kayan gida ba.

Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga yawan kaya, ba mutum ba. Mai amfiya 20 ba za ta motsa ba sai wuta ta wuce 20, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba yana iya tsayar da zuciya. Wadda ke kare rai ita ce RCD, wasu na ce mata ELCB. Tana auna wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural, in ta ga bambanci ta san wani abu na zurarewa, ta yanke cikin ƙiftawar ido. Ɗakin kwano mai firiza da injin ruwa, ƙasa a jiƙe, yara ba takalmi, wuri ne da ba a yin sa ba tare da RCD mai 30mA ba, wato mai faɗuwa da zarar zurarewar ta kai kashi 30 cikin 1,000 na amfiya guda. A nan ba na sassauci.

Tsarin da ya fi kyau shi ne biyu. A gefen gida a sa mai 100mA mai ɗan jinkiri, irin da ake wa alamar S, ta tsare kebul ɗin da ke ƙasa. A ɗakin a sa mai 30mA ta tsare mutane. Da haka in matsala ta faru a ɗakin, ta can ce za ta faɗi, gida bai shiga duhu ba. In ba a samu mai jinkirin ba, a sa mai 30mA guda a gefen gida a kan layin ɗakin kaɗai. Kariyar ta cika, illa dai duk sanda ta faɗi sai an tako gida, kuma sai ka riƙa leƙa firizarka.

A dibin ɗakin a sa babban makunni mai yanke layif da nutural tare, sai bireka mai amfiya 6 ta fitilu da fanka a waya 1.5mm, mai 16 ta soket a waya 2.5mm, da wata daban ta injin ruwa. Wayoyin cikin ɗakin su bi bututu, kada su taɓa bakin kwano, domin kwano yana yanka, kuma da rana yana zafin da ke busar da roba ta farfashe.

Wayar ƙasa

Mafi yawan gidajenmu ba kamfanin wuta ne ke ba su at ba, kowane gida da sandarsa. Da yawa kuma sandar ta ruɓe tuntuni, ko kuma tun asali ba a kafa ba, koriyar wayar tana nan a soket ba ta je ko'ina ba. A duba ta gida tukuna. Sannan a kafa wata a bakin ɗakin, sandar ƙarfe mai rigar jan ƙarfe, tsawon mita ɗaya da rabi ko fiye, a haɗa ta da dibin ɗakin da waya mai kauri, 10mm ko sama, a kuma ɗaure ginshiƙan ƙarfe da kwanon ɗakin a wannan layi. Mahaɗar sandar ta kasance a ɗan akwatin siminti mai murfi yadda za a iya dubawa, kada a binne ta.

Ƙasarmu ta Arewa tana bushewa ƙwarai, sandar da ta ba da sakamako mai kyau a Agusta tana iya zama kamar babu a Maris. Don haka a auna ta da rani. Ƙa'ida na kallon duk abin da ya wuce om 200 (om shi ne ma'aunin turjiyar da wuta ke gamuwa da ita) a matsayin marar tabbas, ni kuwa ina neman ƙasa da 100. In ba a samu ba, a ƙara tsawon sanda, ko a kafa ta biyu da tazarar da ta kai tsawon sandar, a haɗa su. Gishiri da gawayi da aka saba zubawa suna saukar da adadin a farko, amma gishirin yana cin ƙarfe kuma ruwa na wanke shi. Kafa sandar a wuri mai danshi, kamar kusa da makwararar ruwan tanki, ya fi daɗewa.

Sulken kebul a kama shi da gilan a kowane ƙarshe. Ana yanke silloli daidai, a baza su a kan mazugin tagullar, a ɗaure goro har su kamu gam, a sa zobe a ja waya daga shi zuwa wurin at. Abin da muke yawan tararwa shi ne an yanke sulken an watsar, an cusa ƙwayoyin ta ramin akwati, an naɗe da salatif. Wanda ya yi haka ya biya kuɗin amod ya samu wayar gida. Haka kuma kada ka yarda a haɗa nutural da at a cikin soket ko a dibin ɗakin da sunan dabara. RCD ba za ta zauna ba, kuma ranar da nutural ya tsinke a kan fal ɗin unguwa, jikin firiza da kwanon ɗakin gaba ɗaya za su ɗauki wuta. In mai wayarin ya tarar an riga an haɗa su a babban gida, to kada a miƙa at ɗin gida zuwa ɗakin kwano. A kama sulke a gefen gida kawai, ɗakin ya dogara da sandarsa. Shi zai gane wannan in ya buɗe. Ƙananan janareta da yawa kuma nutural ɗinsu ba ya haɗe da ƙasa, wanda ke iya hana RCD aiki in an koma kansu, sai a gwada ta a wutar kamfani a kuma gwada a janareta.

Gwaji kafin a kunna

Abin gwaji mai ɗan ƙwai a gindi, wanda kowa ke sawa a aljihu, ba ya gwada wannan aiki. A sa mega, wato na'urar auna ingancin rufin waya, mai bolt 500 tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta, da tsakaninsu da sulke. Mafi ƙarancin da ƙa'ida ta yarda shi ne megom 1, wato om miliyan ɗaya, amma sabon kebul lafiyayye ɗaruruwa yake nunawa. In ka ga 2 ko 3 a sabuwar waya, akwai rauni ko danshi, a nemo shi. A tabbatar at ya isa kowane soket, a tabbatar makunni layif yake yankewa ba nutural ba. A gwada RCD da na'urarta: a 30mA ta faɗi kafin milisakan 300. Bayan haka a kunna guga da injin ruwa tare, a auna bolt a gida a auna a ɗaki. In an bi lissafin nan da 6mm, bambancin bai kamata ya wuce bolt 3 zuwa 4 ba. In ya kai 7 ko 8, ko wayar ba ta cika ba, ko wata mahaɗa ba ta ɗauru ba. Ka sa ya rubuta maka duk alkaluman a takarda. Maɓallin gwaji da ke jikin RCD kuma ka riƙa danna shi duk bayan wata uku, musamman bayan hunturu, saboda ƙura na shiga ta sa ta maƙale.

Duk lissafin nan a kan mita 40 da kayan da ka ambata na gina shi. In igiyarka ta nuna mita 55 ko 60, ka sake ninkawa da kanka: a amfiya 20, waya 6mm za ta zubar da bolt 8.8 a mita 60, ka ga lokacin komawa 10mm ya yi. In kuma filin naka dutse ne da ba zai haƙu zuwa santimita 70 ba, a bi da kebul ɗin mai sulke a jikin katanga da maƙalai duk bayan santimita 35 zuwa 40, sama da inda hannun yaro zai kai, ya fi a binne shi sama-sama. Ga wanda ƙwai da fanka kaɗai yake so a irin wannan ɗaki, ƙaramar sola da batir ta fi masa sauƙi da arha. Kai da ke da firiza, guga da injin ruwa, kebul ɗin ne hanyarka.